Ina Ka Nufa, Me Kuma Za Ka Biya?

Ya kai mai karatu, idan ka tsaya a Ƙofar Ƙaura da sassafe, ko a Ƙofar Guga, za ka ga mutane suna ta shiga birnin Katsina, wani a kan babur, wani a mota, wani yana tura baro cike da kayan gwari. Ka tsai da wanda ka ga dama a cikinsu ka tambaye shi inda za shi, ba zai yi maka inda-inda ba. Zai ce Babbar Kasuwa, ko 'Yar Kutungu, ko asibiti, ko gidan wane. Amma ka sāke tambayarsa, ka ce, "To, wannan wahala da ka ke sha kowace safiya, ina ka ke so ta kai ka nan da shekara biyar?" Sai ka ga ya yi murmushi, ya ce, "Sai yadda Allah ya yi." Amsar nan tana da daɗin ji, akwai gaskiya kuwa a cikinta. Duk da haka ina so mu zauna mu dube ta da kyau, ni da kai, gama a bakin wani bangaskiya ce, a bakin wani kuwa mayafi ne da ragwanci ya lulluɓa da shi.

Akwai masu bi da su ke tsammani ba daidai ba ne mutumin Kristi ya zauna ya ƙudura cewa bana zai ƙara jarinsa, baɗi ya kama shago, shekara ta uku ya sa 'yarsa a makaranta. Su kan ce Ubangiji ya hana mu damuwa da gobe. Lalle ya hana. Amma damuwa dabam, shiri dabam. Dubi manomin da ya ware iri tun kaka, ya ɗaure shi a can ƙuryar rumbu, ya hana kowa taɓa shi ko da yunwa ta matsa da bazara. Ranar da hadarin fari ya haɗu, shi ne mai barci da daɗi. Wanda ya cinye irinsa shi ke kwana yana juyi, yana tunanin ƙofar da zai buga da safe.

A cikin bisharar Luka, sura 14, Ubangiji Yesu ya kawo misalin mutumin da ya ke so ya gina soro mai tsawo. Ya nuna cewa mai hankali ya kan fara zama ya yi lissafin abin da ginin zai ci, domin kada ya kafa harsashi ya kāsa gamawa, masu wucewa su riƙa yi masa ba'a. Na sani abin da Ubangiji ya ke nufi a wurin shi ne tsadar binsa, ba ginin tubali ba. Amma lura da abin da ya ɗauka ya yi misalin da shi: da lissafi abin zargi ne, da bai ɗora babbar magana irin wannan a kansa ba. Ba kuwa sai ka yi nisa za ka ga misalin da idonka. Fita bayan ganuwa ta kowace hanya, za ka tarar da gine-ginen da su ka kai taga su ka tsaya, ciyawa ta tsiro a ɗakunansu, awaki suna kwana a inda aka nufa amarya ta zauna. Yusufu kuma, sa'anda Allah ya bayyana masa shekarun ƙoshi bakwai da na yunwa bakwai, bai naɗe hannu ya ce sai yadda ta yiwu ba. Ya ba Fir'auna shawara a ɗebi kashi ɗaya cikin biyar na amfanin ƙasar Masar a ajiye, aka naɗa masu lura, aka tara a birane. Ka karanta a Farawa sura 41. Allah ya ba da sani, mutum ya yi awo, ta haka al'ummai su ka rayu, har da 'yan'uwan da su ka sayar da shi.

To, tun da shiri ba laifi ba ne, sai mu san irin shirin. Kowa yana da buri. Yaron tela yana da burin ya zama mai gidan kansa, mai tallan kunu tana da burin ta sayi firij. Amma buri ba shi da rana, ba shi da adadi, saboda haka ba ya tashin kowa daga barci. Sa'anda ka sa masa rana da adadi, ya zama niyya. A ce keken ɗinkin da yaron nan ya ke so ana sayar da shi naira 150,000. Idan ya ajiye naira 500 kowace ranar aiki, kwana shida a mako, ya tara 3,000. A mako 50 ya kai. Watau abin da ya shekara goma yana cewa "wata rana", ashe tafiyar shekara guda ce. Ya kamata kuma ya ɗan ɗora wani abu a kai, gama a ƙasar nan kaya ba su jiran mai tari a farashin da ya bar su. Idan hannunsa ba ya riƙe kuɗi, ya shiga adashi wurin uwar adashin da aka sani da amana. Ba wata hikima mai zurfi a nan. Abin da ke da wuya shi ne ranar 40, sa'anda abokai su ka ce a yi ankon biki.

Haka kuma mai tebur a kasuwa. Yawancin waɗanda su ka karye, ba ɓarawo ya karya su ba, ba kuwa wuta ba. Aljihu ɗaya ne ya karya su: jari a ciki, riba a ciki, kuɗin cefane a ciki, gudummawar suna a ciki. Kullum yana ganin kuɗi a hannunsa, yana tsammani yana samu, alhali uwar kuɗi ya ke yanka yana ci, har ranar da ya je sari ya ga abin da ke hannunsa bai cika rabin kayan da ya saba ɗauka ba. Maganin wannan littafi ne na naira kaɗan da alƙalami. Ka rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita kowane dare kafin ka kwanta, ka yanka wa kanka abin cefane kamar yadda za ka yanka wa ɗan aiki lada, saura kuwa ka ɗauka ba naka ba ne, na sana'ar ne.

Akwai wani abu da zan faɗa a hankali, gama ya shafi halin da mu ke fahariya da shi. Ana yi wa garin nan kirari da ɗakin kara, kara kuwa ado ce, Allah kada ya raba mu da ita. Amma na ga shago da kara ta rufe. Kawu ya zo ya ɗauki buhun shinkafa, ya ce sai ƙarshen wata. Mai shago ya san ba za a biya ba, kawu ma ya san mai shago ya sani, amma aka kira abin bashi domin kowa ya tsira da fuskarsa. Bayan shekara ga shi babu kuɗi, babu lada, zumunci kuma ya yi tsami, gama kawu ya daina biyowa ta layin. Ya fi kyau ka ware tun farkon wata abin da za ka iya bayarwa kyauta, ka ba da shi da sakin fuska, ka ce, "Kawu, wannan tiya biyar taka ce, ba bashi ba ce; buhu kuwa ba ni da ikonsa." Za ka ji nauyin faɗi sau ɗaya. Waccan hanya kuwa nauyinta na shekaru ne.

Zuwa nan ina tsammani ba mu yi gardama ba, gama ko wanda bai san Allah ba zai ba ka wannan shawara. Yanzu sai mu shiga inda maganar ta ke da nauyi.

Manzo Yaƙub, a sura 4 ta wasiƙarsa, ya yi magana da fatake. Ya kwatanta su suna tsara tafiya: gari kaza za mu, shekara guda za mu yi, mu yi ciniki, mu ci riba. Ga wuri, ga lokaci, ga sana'a, ga abin da a ke nema. Babu malamin kasuwanci da zai sami abin gyara a tsarin nan. Duk da haka manzon ya tsauta musu, ya tuna musu ba su san abin da gobe za ta haifa ba, ransu kuwa kamar hazo ne da rana ke kora. Bai ce kada su tafi ba. Ya ce su sa nufin Ubangiji a gaban nasu.

Mutumin Katsina bai kamata ya buƙaci dogon wa'azi a kan wannan ba, gama tarihin garinsa ya isa. Akwai zamanin da birnin nan shi ne babban masaukin ayarin hamada a ƙasar Hausa. Fatake daga Agadas da Gadamus da Tarabulus a nan su ke sauke raƙuma, malamai kuma suna zuwa neman sani a unguwar da hasumiyar Gobarau ta ke tsaye. Attajirin wancan zamani, da ka tambaye shi, zai ce maka jikokinsa za su gāji wannan ciniki kamar yadda shi ya gāda. Sai yaƙin jihadi ya tashi a 1804, sarakunan dā na Katsina su ka koma arewa, daga baya su ka zauna a Maraɗi, aka daɗe ana kai wa juna hari, hanya ta ɓaci, ayari ya karkata zuwa Kano. Sa'anda matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya ke kiran kansa Abdulkarim, ya iso Katsina a 1851, ya tarar da ganuwa mai faɗi, cikinta kuwa yawanci fili da gonaki, mutanen da ya ƙiyasta ba su kai 10,000 ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka ja wani reshe daga Zariya ya bi ta Funtuwa zuwa Ƙaura Namoda, birnin Katsina kuwa aka bar shi a gefe. Sai a 2021 aka aza harsashin layin da zai taso daga Kano ya ratsa Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi. Wane laifi ɗan kasuwar wancan lokaci ya yi a lissafinsa? Babu. Ƙasar da ya kafa lissafin a kanta ce ta motsa.

Mu ma mun ga namu. A watan Agusta 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, ta Jibiya ba a buɗe ta ba sai 2022. Aka sāke rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, aka buɗe a 2024. Wanda abincinsa ke kan hanyar Maraɗi ya san abin da shekarun nan su ka ci masa. A watan Maris 2021 wuta ta tashi a Babbar Kasuwar Katsina, ta cinye shaguna masu yawa, mutanen da su ka kwana attajirai su ka tsaya suna kallon toka. A farkon 2023, lokacin canjin takardun naira, mutum yana da kuɗi a banki amma ba shi da na sayen tiyar gero a hannu. Ban ma ambaci manoman yammacin jihar nan ba, waɗanda 'yan bindiga su ka raba da gonakinsu. Saboda haka idan ka ce "in Ubangiji ya yarda", kada ta zama maganar leɓe da a ke liƙa wa ƙarshen zance. Ma'anarta ita ce ka rubuta niyyarka, ka yi mata aiki da iyakar ƙarfinka, amma ka sani akwai Wanda ya ke da ikon soke ta, ba kuwa zai zama ya zalunce ka ba idan ya soke.

A nan ne hatsarin ya ke, ina roƙonka ka ba ni hankalinka. Mutumin da ba shi da niyya, jarabarsa ragwanci ce. Amma mutumin da ya rubuta rana da adadi ya sami wata jaraba sabuwa wadda ragon bai san ta ba. Ranar tana matsowa, adadin bai cika ba. Ya riga ya gaya wa matarsa, ya gaya wa abokai, mai shago ya ce idan bai kawo kuɗin haya ranar kaza ba zai ba wani. Niyyar da ya rubuta da hannunsa domin ta yi masa bauta, sai ta juyo ta zama ubangijinsa, ta ce masa, "Ka cika ni ko ta halin ƙaƙa." A wannan dare ne mutanen kirki su kan fara abin da ba su taɓa tsammani za su yi ba. Ba wanda ya ke buɗe shago da nufin ya zama macuci. Giɓi ne tsakanin abin da ya ƙudura da abin da ya samu, shi kuwa ya cike giɓin da abin da ya tarar kusa.

Domin wannan na ke ce maka, niyya mai shafi ɗaya rabin niyya ce. A shafin farko ka rubuta abin da ka ke nema da ranar da ka ke so ka same shi. A shafi na biyu ka rubuta abin da ba za ka biya ba domin ka same shi, ko da rashin biyan zai sa ranar ta wuce. Ka rubuta su rana ɗaya, tun zuciyarka tana kwance, gama ba a fafe gora ranar tafiya. A tsakiyar kasuwa, mai saye yana tsaye, dillali yana raɗa maka a kunne, babu lokacin da za ka zauna ka auna daidai da rashin daidai. Abin da ka yanke tun a gida, a gaban Allah, shi kaɗai zai tsaya maka a wurin.

Me za a rubuta a shafin nan na biyu? Kowa ya san inda takalminsa ke matsa shi, amma mudu shi ne farko. Attaura ta hana mutum ya ajiye ma'auni iri biyu a gidansa, babba da ƙarami. Ka duba Kubawar Shari'a sura 25. Annabi Amos, a sura 8, ya yi kuka da 'yan kasuwar da su ke ƙosawa ranar hutu ta wuce domin su koma su rage awo, su ƙara kuɗi, su sayar har da ƙaiƙayi. Ka ce a kasuwar hatsi ta ƙasarmu ya tsaya ya rubuta. Kai ma ka san kwanon da aka bubbuga gindinsa ya shige ciki, ka san tiyar saye da tiyar sayarwa, ka san buhun da a ke zuba mai kyau a baki, mai ƙwari a gindi, ka san tsakuwa a wake da ruwa a madara da sauran algus. Ka san kuma rantsuwar nan da a ke yi a kan kuɗin sari, "ko ni ban sayo haka ba", alhali an sayo ƙasa da haka nesa. Abin da a ke tauyewa a tiya guda bai fi tāfi ba, shi ya sa zuciya ba ta ɗaukarsa sata. Amma tāfin nan daga tukunyar wata gwauruwa ya fito, ita kuwa ta lissafta bakunan 'ya'yanta a kan cikakkiyar tiya.

Ka tuna kuma mu masu bin Kristi kaɗan ne a birnin nan. Maƙwabtanmu Musulmi addininsu ya yi horo mai tsanani a kan tauye mudu, da yawa a cikinsu kuwa mutane ne da za ka bar musu shagonka ka yi tafiya ka dawo ka tarar da ko allura ba ta ɓace ba. Yawancinsu ba za su taɓa shiga majami'armu ba, ba za su buɗe Littafinmu ba. Abin da za su sani game da Ubangijinmu, a mudunka za su karanta shi.

Maganar ajiye hatsi ta fi wannan wuya, ba na so in yanke ta da gaggawa. Saye da kaka a sayar da bazara sana'a ce; wanda ya yi haka ya sa kuɗinsa, ya biya sito, ya yi fama da ƙwari da ɓera, ya ɗauki kasadar faɗuwar farashi, kuma da ba don irinsa ba da hatsi ya ƙare a kasuwa tun kafin damina ta yi nisa. Yusufu ma ajiya ya yi. Amma Yusufu ya buɗe rumbuna sa'anda yunwa ta zo. Littafin Misalai, sura 11, ya nuna cewa jama'a su kan la'anci mai ɓoye hatsi, su sa wa mai fitarwa ya sayar albarka. Iyakar tana nan a wani wuri tsakanin mai ajiya da mai jiran yunwa ta ƙara tsanani, ba ni kuwa da ikon in auna maka ita da tiya. Abin da na sani shi ne, idan ba ka yanke tun da kaka ribar da za ta ishe ka ka buɗe sito ba, to, a watan Yuli ba za ka yanke ba. Kowane mako farashi zai hau, kowane mako zuciya za ta ce a ƙara mako guda, har ka iske kanka kana jin labarin ƙarancin ruwan sama kana jin daɗi a ɓoye. Mutumin da ya kai nan ya yi hasarar abin da ya fi sito duka.

Sauran ba sai na daɗe a kansu ba. Ladan yaron shagonka da na lebura, wanda Attaura ta ce kada rana ta fāɗi yana hannunka. Toshiyar baki a kan hanya domin kayan da ka san doka ta hana su wuce. Ranar Ubangiji, wadda ta ke da wuya ƙwarai a nan, da ya ke waɗansu manyan kasuwannin ƙasar nan ran Lahadi su ke ci. Da 'ya'yanka, waɗanda ka ce dominsu ka ke wahala, amma ka kan fita suna barci ka dawo suna barci.

Na san abin da za ka ce. Za ka ce, "Malam, idan na riƙe duk wannan, waɗanda ba su riƙe ba za su wuce ni." Ba zan ruɗe ka ba: mai yiwuwa ne su wuce ka. Sau da yawa gaskiya ta kan jawo masu saye, gama ramin ƙarya ƙurarre ne, kasuwa kuwa ba ta mantuwa. Amma ba kullum ba. Akwai macuta da su ka mutu da dukiya, akwai masu gaskiya da su ka mutu a gidan haya. Wanda ya tsaya a bagade ya yi maka alkawari cewa idan ka ba da kaza Allah zai mayar maka da kaza kafin ƙarshen shekara, ya faɗi abin da ba a aike shi da shi ba.

Ka ji labarin waɗanda su ka fara aikin da ya zama mishan ta SIM. A watan Disamba 1893 samari uku su ka sauka a Ikko daga Kanada da Amurka: Walter Gowans, da Thomas Kent, da Rowland Bingham. Niyyarsu a fili ta ke, su kai bishara cikin ƙasar Sudan, watau ƙasashenmu na arewa. Kafin 1894 ta ƙare Gowans da Kent sun mutu da ciwo, daga baya Bingham ya koma gida da jiki a raunane. Ya sāke zuwa a 1900, zazzaɓi ya sāke mai da shi. Sai a 1902 aka kafa tasha ta farko a Patigi, a bakin Kwara. Idan da shafin farko kaɗai a ke awo, samarin nan biyu sun fāɗi warwas, gama ba su ga ko mutum ɗaya ya tuba ba. Amma a ƙarshen shekarun 1930, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, ma'aikatan mishan ɗin nan ne su ka karɓi jinyar masu ciwon kuturta a Babbar Ruga, nan kusa da birni, suna wanke gyambon da dangi su ka guje wa. Gowans da Kent ba su san da wannan ba. Ranar da su ka sa wa niyyarsu ta wuce ba su cika ta ba, Ubangiji kuwa yana da tasa ranar.

Akwai layi guda da ya rage, wanda kusan ba mai rubuta shi. A Luka sura 12 Ubangiji ya ba da misalin mai arziki wanda gonarsa ta yi albarka har rumbuna su ka kāsa. Mutumin nan bai yi sata ba, bai tauye mudu ba, shirinsa ma mai kyau ne: ya rushe ƙananan rumbuna ya gina manya. Amma ka karanta zancen da ya yi da zuciyarsa, ka ƙidaya sau nawa ya ambaci kansa, sa'an nan ka nemi inda ya ambaci Allah ko maƙwabci. A daren nan aka karɓi ransa, Allah kuwa ya kira shi wawa. Abin da ya rasa shi ne kalmar "ya isa". Wanda bai rubuta adadin da zai ce ya isa ba, kowace niyya da ya cika sai ta haifi wadda ta fi ta: mai tebur yana son shago, mai shago yana son layi, mai layi yana son kasuwar duka. Ka rubuta naka adadin tun kana da tebur, abin da zai ci da iyalinka, ya tufatar da su, ya biya makaranta, ya bar ɗan abin ajiya domin ranar wuta ko ciwo. Ka rubuta kuma inda abin da ya haura zai tafi, da sunayen mutanen da zai tafi wurinsu. Yanzu da ba ya hannunka rubutun yana da sauƙi, shi ya sa na ce yanzu.

Wataƙila kana karanta wannan zuciyarka tana cewa, ai ni na riga na ƙetare. Mudun nan mai shigaggen gindi yana shagona shekara uku ke nan. Yaron da na kora bara ina riƙe da ladansa na wata biyu. Ɗan'uwana, ba domin masu tsabta Kristi ya mutu ba, ƙofar kuwa a buɗe ta ke. Zakka na Yariko shugaban masu karɓar haraji ne, ya tara dukiya ta hanyar da kowa a garin ya sani. Ranar da Ubangiji ya sauka a gidansa, shi ma ya yi niyya mai adadi: rabin abin da ya mallaka ga matalauta, wanda ya cuta kuwa zai mayar masa ninki huɗu. Yana cikin Luka sura 19. Ba mayarwar ce ta sayi gafara ba, gafarar ce ta riga ta shigo gidan, ita ta buɗe masa hannu.

Saboda haka daren nan, kafin ka rubuta keke ko shago ko fili, ka durƙusa ka faɗa wa Ubangiji abin da ya riga ya sani, sa'an nan ka buɗe littafin ka fara da sunayen waɗanda ka ke riƙe da hakkinsu, kowa da adadinsa da ranar biyansa. Idan ba za ka iya biya gaba ɗaya ba, ka je ka faɗa masa haka, ku yanka kaɗan kaɗan. Idan ya rasu, yana da magāda. Idan ba ka san inda ya koma ba, dillalin da ya haɗa ku ya sani. Mudun kuwa kada ka ba wani, kada ka sayar wa 'yan gwangwan yana nan yadda ya ke, domin kada ya komo kasuwa ta wata ƙofa. Ka sa guduma ka fasa shi tukuna.